Waiwaye: Daga mumbarin New York zuwa Karim Lamido, shekara ɗari ana jayayya a kan Kiristanci mai sassauci

A watan Disamba na 2024 aka zubar da jini a Munga Dosso, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Karim Lamido ta jihar Taraba. Mutum uku suka rasu, biyu daga cikinsu ƙananan yara, aka kuma ƙone gidaje. Ba rikicin manoma da makiyaya ba ne, ba kuma na Musulmi da Kirista ba. 'Yan ɗarika ɗaya ne, Metodis, waɗanda iyayensu suka yi sujada a kan benci ɗaya, suka rabu gida biyu bayan babban taron ɗarikarsu da aka yi a birnin Charlotte na Amurka. Ruwa ba ya tsami banza, kuma tsamin wannan ya daɗe da farawa.

Abin da ake kira Kiristanci mai sassaucin ra'ayi a jami'o'in Jamus ya yi jijiya, tun daga Friedrich Schleiermacher a wajen 1799. Malaman tauhidi suka soma yi wa Littafi Mai Tsarki irin tambayoyin da ake yi wa kowane tsohon rubutu: wa ya rubuta, yaushe, ga wa yake magana? Da Darwin ya fito da nazarinsa kan asalin halittu a 1859, tambayoyin suka ƙara nauyi. Waɗannan malamai ba su ɗauki kansu maƙiyan addini ba. A ganinsu gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba: in ikilisiya ta ce wa ɗan makaranta ya zaɓi ɗaya tsakanin ilimi da imani, to ta yi asararsa. Wani reshe na tafiyar kuma bai fito daga ɗakin karatu ba. Walter Rauschenbusch fasto ne a wata unguwar talakawa a New York, kuma yawan jana'izar yaran da talauci da cuta suka kashe ne ya kai shi ga cewa bisharar da ba ta kula da albashin lebura da ɗakin da yake kwana ba ta cika ba.

Martani ya zo da kuɗin man fetur. Tsakanin 1910 da 1915 wani attajiri a Kalifoniya, Lyman Stewart, tare da ɗan'uwansa, suka ɗauki nauyin buga maƙalu 90 a kundi 12 masu suna “The Fundamentals”, wato ginshiƙai, aka raba kusan kwafi miliyan 3 kyauta ga fastoci da 'yan mishan. Saƙon shi ne akwai ginshiƙan da ba a ciniki a kansu: nassi ba shi da kuskure, budurwa ce ta haifi Almasihu, ya mutu a madadin masu zunubi, ya tashi da jikinsa, mu'ujizojinsa kuma sun faru da gaske. Daga sunan waɗannan kundaye aka samo kalmar Ingilishi da a yau ake fassara mana da “tsattsauran ra'ayi”, ake kuma liƙa wa Musulmi da Hindu da Yahudu. Asalinta laƙabi ne da wasu Kiristocin Amurka suka sa wa kansu a 1920, suna alfahari da shi.

Ranar 21 ga Mayu, 1922, Harry Emerson Fosdick ya hau mumbari a wata majami'ar Firesbiteriya a New York, ya yi wa'azi yana tambaya ko masu tsaurin nan ne za su yi nasara. Roƙonsa shi ne a bar kowa a cikin gida, mai karanta nassi a zahirinsa da mai yi masa tawili. Wa'azin ya jawo masa barin wannan mumbari, amma wani attajirin man, John D. Rockefeller ƙarami, ya sa aka buga shi aka baza, daga baya ya gina masa majami'ar Riverside. A 1925 aka yi shari'ar malamin makaranta John Scopes a Tennessee saboda koyar da ra'ayin Darwin. Kotu ta ci shi tarar dala 100, jaridu kuwa suka mai da masu tsauri abin dariya. Kowa ya ɗauka an gama da su.

Ashe ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Sun bar manyan ɗariku, suka buɗe makarantun Baibul da gidajen rediyo, suka tura 'yan mishan ƙasashen duniya. A 1979, shekarar juyin juya halin Iran, mai wa'azi Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar da ta ɗaura auren masu tsauri da jam'iyyar Rifablikan, a shekarar kuma masu ra'ayin riƙau suka fara karɓe ragamar ɗarikar Baftis ta Kudu.

Majami'un masu sassauci kuwa tun tsakiyar shekarun 1960 suke raguwa. Cocin Efiskofal, wato Angilikan na Amurka, ya haura mutum miliyan 3 a lokacin. Yau yana wajen miliyan ɗaya da rabi. Binciken cibiyar Pew ya nuna tsofaffin ɗarikun nan sun sauko daga kashi 18 cikin ɗari na manyan Amurkawa a 2007 zuwa kashi 11 a 2024. An saba cewa mutane sun gudu ne zuwa inda ake wa'azi mai zafi. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma kaɗan. Wani nazari da Michael Hout da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 ya gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu na canjin daga haihuwa yake: iyalan masu ra'ayin riƙau sun fi yawan 'ya'ya. 'Ya'yan masu sassauci da suka tafi kuma, akasarinsu ba wani coci suka koma ba, gida suka zauna. Sun tashi sun ga haƙƙin mata da yaƙi da wariyar launin fata da taimakon talaka, abubuwan da iyayensu suka koya a majami'a, duk ana samunsu a jami'a da jam'iyya ba tare da tashin sassafe ranar Lahadi ba. Su ma masu tsaurin ba su tsira ba. Baftis ta Kudu ta kai miliyan 16 a 2006, yanzu ba ta kai 13 ba, yayin da waɗanda suka ce ba su da addini suka tashi daga kashi 16 zuwa 29.

A nan labarin ya shigo gidanmu, domin bisharar da ta iso Arewa galibi ta ɓangaren masu riƙon nassi ce. Rowland Bingham da abokansa biyu da suka sauka Legas a 1893 da niyyar shiga ƙasar Sudan, wato yankin kudu da Sahara da ya haɗa da Arewa, su ne tushen mishan ɗin SIM da ta haifi ECWA. Wanda ya taso a irin waɗannan majami'u ya san abin da nake nufi: Littafi Mai Tsarki na Hausa mai baƙin bango wanda gefen takardunsa ya yi laushi don yawan buɗawa, ayar haddacewa kowace Lahadi, zumuntar mata da tulu da kacau-kacau, dattijo ya miƙe ya ce “haka aka rubuta”, magana ta ƙare. Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, wanda ya riƙe sakataren ECWA kafin ya jagoranci ƙungiyar masu bishara ta Afirka, ya yi shekarunsa na ƙarshe yana gargaɗi a kan tauhidin sassauci, har ya rasu a teku kusa da Mombasa a 1975. Gargaɗin ya zauna daram a makarantun horar da fastoci.

Saboda haka da yawan Kiristoci ya koma Afirka da Asiya da Latin Amurka, ƙuri'a ma ta koma. A taron Lambeth na 1998 a Ingila, bishop-bishop na Angilikan na duniya suka zartar, da ƙuri'a 526 da 70, cewa luwaɗi ya saɓa wa nassi. Gab da taron, Bishop John Spong na Newark ya siffanta Kiristocin Afirka da mutanen da ba su daɗe da barin bautar iskoki ba, masu addinin camfi. Ban san wata magana da ta yi wa tafiyar sassauci ɓarna a nahiyar nan kamar wannan ba. Mutanen da suke wa'azin sauraron wanda aka danne, ga shi wanda aka danne ya yi magana, an ce masa bai waye ba. A 2003 aka naɗa Gene Robinson, mai zama da namiji, bishop a New Hampshire. Akbishop Peter Akinola na Najeriya ya cire ambaton Kantabari, kujerar jagorancin Angilikan a Ingila, daga kundin tsarin cocin Najeriya a 2005, ya naɗa wa Amurkawa masu bore bishop a Abuja a 2006, aka kafa GAFCON, ƙungiyar Angilikan masu ra'ayin riƙau, a Urushalima a 2008. Benjamin Kwashi na Jos ya riƙe mata babban sakatare. A ɗaya gefen Josiah Idowu-Fearon na Kaduna, wanda ya san tauhidin Musulunci ya kuma san darajar zama da wanda ba ku yarda da juna ba, ya yi sakataren tarayyar Angilikan ta duniya daga 2015 zuwa 2022 yana ƙoƙarin ɗinke ɓaraka, ya sha suka daga gida. A Oktoban 2025, bayan an sanar da Sarah Mullally a matsayin mace ta farko da za ta hau kujerar Kantabari, GAFCON ta ce ta daina karɓar jagorancin kujerar.

Na Metodis ya bi hanya mai kama da wannan. A St. Louis a 2019, ƙuri'un wakilan Afirka suka taimaka aka tabbatar da tsohuwar dokar da ta hana ɗaura auren jinsi da naɗa masu luwaɗi fastoci, 438 da 384. Duk da haka masu riƙau ne suka fice: majami'u sama da 7,600 a Amurka, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, da yawansu zuwa sabuwar ɗarikar Global Methodist da aka kafa a 2022. Da suka tafi, taron Charlotte na 2024 ya soke hanin. A Yulin shekarar Bishop John Wesley Yohanna na Jalingo ya sanar da komawa sabuwar ɗarikar, aka shiga jayayya a kan majami'u da makarantu da filaye.

Abin da ya kamata a lura da shi: waɗanda suka tsaya a tsohuwar ɗarikar a Taraba ba masu goyon bayan auren jinsi ba ne. Sun faɗa da bakinsu cewa aure na mace da namiji ne, dokar Najeriya ta 2014 ma ta haramta wancan. Tsohuwar rigimar shugabanci da ta yanki ce ta sami sabuwar riga daga Amurka, ana jifan maƙwabci da sunan da zai sa a ƙi gaishe shi a kasuwa. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ina ganin tambayar Fosdick ba ta da amsa guda. A Turai da Amurka masu sassauci za su ci gaba da ƙanƙancewa, su sayar da gine-gine, su haɗe ikilisiyoyi, sai dai in sun koyi riƙe 'ya'yansu da addu'a da waƙa da nassi, ba da sanarwar manema labarai kaɗai ba. A wajenmu sunan ya riga ya ɓaci, ba fasto mai son aikinsa da zai amsa shi. Amma abin da ke cikin buhun bai ƙare a batun jinsi ba. Akwai 'yancin ɗalibin tauhidi ya yi tambaya ba a kore shi ba, akwai matsayin mace a gaban ikilisiya, akwai ƙin yarda da mai wa'azin da ke sayar da mu'ujiza ga gwauruwa, akwai zama da maƙwabci Musulmi ba da wuƙa a zuciya ba. Waɗannan ana yinsu a Arewa ba tare da laƙabi ba. Cocin EYN, wato Ikilisiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wanda ya faro a Garkida a 1923, shi ne Boko Haram ta fi ɗaiɗaitawa, akasarin 'yan matan Chibok 'ya'yansa ne, kuma har yau koyarwarsa ita ce kada a rama. A tauhidi 'yan riƙau ne sosai. Taron Charlotte ya amince kowane yanki na duniya ya tsara wasu dokokinsa daidai da ƙasarsa, wanda shi ne kusan abin da Fosdick ya roƙa a 1922. A Karim Lamido, kafin a kai ga wannan, akwai iyalai da suke jiran a sake gina musu ɗakunan da aka ƙone.