Wa ke kula da ƙarfen sabis ɗin unguwarku?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a Kantin Kwari, an ɗaure masa kaya amma sabis ya ɗauke, ya san kamfanin layin ake ɗora wa laifi nan take. Sai dai sau da yawa ba ma'aikatan kamfanin ba ne ke riƙe da na'urorin da suka tsaya.

Me ake nufi da ba da kwangilar gudanar da netwok?

Kamfani irin MTN ko Airtel shi ke da lasisin Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, shi ke sayar da layi da data, amma ba ya ƙera na'urorin da ke kai kira daga Kurna zuwa Sabon Gari. Yana sayo su ne daga irin su Ericsson na Suwidin, Nokia na Finlan, da Huawei da ZTE na China. A tsarin kwangila, maƙerin na'urar shi ake damƙa wa sa ido a kanta dare da rana, da gyara, da sabunta manhaja, bisa sharuɗɗan da aka rubuta, har da iya lokacin da aka yarda gyara ya ɗauka.

Daga ina abin ya samo asali?

Bharti Airtel na Indiya na cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya. A 2004 ya miƙa netwok ɗinsa ga Ericsson da Nokia, ya bai wa IBM harkar kwamfutocinsa, ya mai da hankali kan neman kwastomomi. Shi ne ya sayi Zain na Afirka a 2010, har layin da muka sani da Zain ya koma Airtel. A Amurka ma Sprint ya ƙulla yarjejeniyar shekara 7 da Ericsson a 2009, ma'aikata kusan 6,000 suka koma ƙarƙashin ɗan kwangilar.

Shi ƙarfen sabis ɗin fa, na wa ne?

A 2014 a Nijeriya MTN ya miƙa turaka, wato ƙarafan sabis, kimanin 9,000 ga IHS, Airtel kuma ya sayar wa American Tower kusan 4,800, dukansu kamfanonin ba da hayar turaka, MTN da Airtel suka koma 'yan haya. Janareta da man dizal da maigadi duk sun koma wuyan mai turken.

Shin hakan ya rage musu kashe kuɗi?

Ya rage ɗawainiya, domin turke ɗaya na iya ɗaukar eriyar kamfani biyu ko uku. Amma wani ɓangare na kuɗin haya da na na'urori da dala ake lissafa shi, alhali mu da naira muke sa kati. Da darajar naira ta faɗi daga 2023, MTN na Nijeriya ya yi asarar kusan naira biliyan 400 a 2024, sai da ya sake zama da IHS kan sharuɗɗan haya, kuma a Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Idan sabis ya lalace, wa za a kama?

Mai lasisi. Shi ya karɓi kuɗinka, shi zai amsa a gaban NCC, kuma idan bai share maka hawaye ba, kana iya kiran 622 kyauta ka shigar da ƙorafi. Abin da ke tsakaninsa da ɗan kwangilarsa bai shafe ka ba.

Wane haɗari ke cikin tsarin?

Akwai batun tsaro, wanda ya sa Birtaniya a 2020 ta ba da umarnin cire kayan Huawei daga netwok ɗinta na 5G kafin ƙarshen 2027. Amma abin da ya fi damuna shi ne ilimin aikin. Kamfanin da ya daɗe bai taɓa na'urorinsa da hannunsa ba, zai wayi gari ba shi da injiniyan da zai iya tantance ko ɗan kwangila gaskiya ya faɗa masa. A kasuwar waya ta Farm Centre akwai matasan da ke farfaɗo da wayar da mai ita ya fid da rai da ita, kuma Jami'ar Bayero tana yaye injiniyoyin lantarki. Ina ganin ya kamata NCC ta matsa lamba a horar da irin waɗannan kan zuciyar netwok ɗin, kada aikinsu ya tsaya ga hawa turke da zuba mai a janareta.