Waiwaye: Yadda Ogatsu ya rasa majalisarsa shekara shida kafin ambaliyar teku

Tun bayan girgizar ƙasar da ta afka wa yankin Noto ranar 1 ga Janairun 2024, wata tsohuwar muhawara ta sake tashi a Japan: shin haɗe ƙananan hukumomi ne ya sa agaji ke jinkirin isa ƙauyuka? Masu wannan magana suna kafa misali da Monzen, garin da aka shigar cikin birnin Wajima na yankin Noto a 2006. Ni kuwa garin Ogatsu, wanda ambaliyar teku ta afka wa a 2011, shi ne ke faɗo min a rai, domin can an riga an ga abin da idanu.

Haɗe garuruwa ba baƙon abu ba ne a Japan. Tsakanin 1888 da 1889 an rage su daga 71,314 zuwa 15,859. An sake yi a shekarun 1950. Zagaye na uku ya fara a 1999 da ƙananan hukumomi 3,232, ya ƙare a Maris ɗin 2010 da 1,727.

Ogatsu ƙaramin gari ne na masunta a lardin Miyagi, sananne da baƙin dutsen da ake sassaƙawa a niƙa tawada a kansa. Yana da shugabansa da majalisarsa har ranar 1 ga Afrilun 2005, lokacin da shi da wasu garuruwa biyar suka shige cikin birnin Ishinomaki.

Abin da aka fi tunawa daga dokar haɗe ƙananan hukumomi ta 1999 shi ne bashin gine-gine mai sauƙi da aka tanadar wa waɗanda suka haɗe. Amma akwai wani sharaɗi da ba a cika ambata ba, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. Kason kuɗin da gwamnatin tsakiya ke raba wa ƙananan hukumomi za a ci gaba da lissafa shi kamar ba a haɗe ba, har shekara 10. Daga nan sai a riƙa zaftare shi a hankali cikin shekara 5. Ga gari mai tarin tsofaffi, wanda matasansa ke ta ƙaura, wannan alkawari ne mai daɗi. Sai dai duk birnin da ya karɓa ya san ranar da kuɗin zai ragu, kuma hanyar shirya wa ranar ita ce rage ma'aikata tun da wuri. Ina za a rage su? A tsofaffin sakatariyoyin da suka koma reshe. Ba sai wani ya yi mugun nufi ba, lissafin da kansa ke tura mutane can. Haka sakatariyar Ogatsu ta zama ofishin reshe mai 'yan ma'aikata, manyan shawarwari kuma suka koma tsakiyar birnin da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 550.

Ranar 11 ga Maris ɗin 2011 teku ta hau tudu, ta share yawancin gidajen Ogatsu. Ba haɗewa ce ta kawo ruwan ba, kuma ƙaramin gari shi kaɗai da wuya ya iya ɗaukar nauyin sake gini. Abin da ke ci min rai shi ne lokacin da ake yanke inda za a mayar da gidaje da tsayin katangar da za a gina a bakin teku, Ogatsu ba shi da majalisar kansa da za ta zauna a kai. Kafin ambaliyar mutanensa sun kai kusan 4,000. Waɗanda suka rage yanzu ba su wuce 1,000 da 'yan kai ba.