Naman kaza mai haƙora: yaya ake gane shi?

Wai naman kaza ma yana da haƙora?

Tsinko shi ka juya, ka duba ƙasan hular. Galibin wanda ke fitowa a gonakin Katsina da damina, har da na jikin suri, ƙasansa layi-layi ne sirara. Mai taurin nan da ke manne a kututture ƙananan huji gare shi. Kashi na uku kuwa tsinkaye ne ke reto ƙasa kamar ƙayar bushiya, daga jikinsu ƙurar irinsa ke zuba. Su ne haƙoran.

Waɗanne ne aka fi sani?

Na farko shi ne Hydnum repandum, wanda masani Linnaeus ya bayyana a 1753. Hularsa ruwan madara ce zuwa ruwan goro mai haske, haƙoran ba su cika wuce milimita 6 ba, kana goga yatsa sai su kakkarye su zube a tafin hannunka. A ƙasa yake tsirowa, gindin itatuwa, kuma ana sayar da shi a kasuwannin Faransa.

Sai Hericium erinaceus. Ba hula, ba kara, farin dunƙule ne kawai a jikin icce, haƙoransa sun haura santimita 1. Noma shi ake yi a Sin da Japan. Akwai kuma Hydnellum peckii, wanda yana ɗanye yake tsattsafo ruwa ja jawur. Tauri da ɗaci sun hana a ci shi.

Za a same su a Katsina?

Da kyar. Ukun nan 'yan dazuzzuka masu sanyi da laima ne, irin na Turai, Amurka da Asiya. Hotunan intanet ba na dajinmu ba ne, kada ka tilasta wa abin da ka tsinta ya yi kama da su.

To in na ga haƙora, in sa a miya?

A'a, Malam. Haƙora ba shaidar ci ba ne. Duba inda ya tsiro, ƙasa ko icce, sannan ka kifa hular a kan baƙar takarda ta kwana, ƙurar irinsa ta zuba ka ga launinta. Ƙurar Hydnum fara ce fat, ta Hydnellum ruwan ƙasa. Ko da haka, sai wanda ya san shi ya riƙe da hannunsa ya tabbatar. Maganar wai in akuya ta ci ba ta mutu ba kai ma ka ci, bar ta inda ka ji ta.