Waiwaye: Tun yaushe kalmomin Turanci suka fara gagarar 'ya'yanmu?

Tun da aka ba da sanarwa a watan Nuwamban 2025 cewa an soke tsarin koyar da yara da harshen uwa a makarantun Najeriya, an koma Turanci tun daga ajin farko, ƙurar muhawara ba ta lafa ba. Shi kansa tsarin da aka soke shekara uku kacal ya yi, don a ƙarshen 2022 aka amince da shi. Wasu na cewa harshen gida ne ya hana yara jin Turanci, wasu na cewa ai ba a ma taɓa aiwatar da tsarin ba balle a ɗora masa laifi. Abu guda ne kowa ya yarda da shi: yaro zai gama sakandare, ya karanto maka shafi guda da babbar murya, amma ka tambaye shi me ya karanta sai ya yi zuru. Yana iya kawo maka ma'anar kalma da ka, amma sa ta cikin jimla ya gagara. Wannan ciwo ya girmi 2022 nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. Makarantar da Baturen nan Hanns Vischer, wato Dan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyarwa, kuma haka elementare ta ci gaba, sai yaro ya shiga midil yake haɗuwa da Turanci sosai. Waɗanda suka wuce Kwalejin Katsina, da aka kafa a farkon shekarun 1920, sun fito da Turancin da har yau ake ba da labarinsa. Sai dai 'yan kaɗan ne, zaɓaɓɓu, a makarantun kwana masu laburare. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yawan ɗalibai a ƙasar ya tashi daga wajen miliyan 6 zuwa sama da miliyan 12 cikin 'yan shekaru, aka horar da malamai a gurguje. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen gida a shekarun farko, sannan a juya zuwa Turanci. Yawancin masu waiwaye a nan suke tsayawa.

Ni a ganina, inda abin ya karye yana gaba kaɗan, kuma ba a cika maganarsa ba: lokacin da littafin karatu ya ɓace daga hannun yaro.

Kafin shekarun 1980, koyon kalmomin Turanci yana da tsarin da aka gina a kan karatu. Wani malami mai suna Michael West, wanda ya yi aiki a Dhaka ta ƙasar Bangladesh ta yanzu, ya lura cewa yaro ba ya riƙe kalma sai ya yi ta cin karo da ita cikin labari. Shi ya sa ya tsara ƙananan littattafai masu hawa-hawa, kowane mataki da adadin kalmominsa, ana shigo da sabuwar kalma a hankali, a maimaita ta. A 1953 ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 da suka fi yawo a Turanci. Irin waɗannan littattafai sun yaɗu a makarantun ƙasashen da Ingila ta mulka. Wanda ya yi makaranta a wancan zamani zai tuna yadda littafin labari ke zagaya aji daga hannu zuwa hannu har bangonsa ya cire, ga kuma ƙananan littattafan soyayya da na 'yan sanda masu sauƙin kuɗi da suka cika kantuna a ƙarshen shekarun 1970.

Sai farashin man fetur ya fara faɗuwa, kuɗin waje ya yi wuya, shigo da takarda da tawada da littattafai ya zama aiki. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja. Zuwa 1987 sai ka ba da wajen naira 4 kafin a ba ka dala ɗaya, kuma daga nan ba ta sake miƙewa ba. Littafin da uba ke saye da canjin cefane ya koma abin da sai an yi shawara. Masu ɗab'i suka taƙaita ga littattafan da aka wajabta don jarrabawa, tunda su kaɗai ke da tabbacin kasuwa. Laburaren makarantu suka daina samun sababbin kaya, na da suka tsufa, gara ta ci rabonta, ɗakin ya koma sito ko ƙarin aji. Ka tuna kuma wannan ya faɗo daidai lokacin da yaran 1976 suka cika makarantu maƙil. Ba a taɓa samun yara masu yawa haka ba, ba a kuma taɓa samun ƙarancin littafi ga kowane yaro haka ba.

To me malami zai yi da yara tamanin da littafi ɗaya a hannunsa? Dole ya koma ga allo. Ya rubuta kalma a hagu, ma'anarta a dama, yara su kwafa, su rera, su haddace. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan, abin da ya samu ya yi aiki da shi. Amma kalmar da aka tsinko daga jimlarta kamar kifi ne da aka fitar daga ruwa. Yaron da aka ce masa “drink” ita ce sha, zai sha magani da ita, ya sha taba da ita, ya sha wahala da ita, alhali Bature kowanne da kalmar da yake sa masa. Haka “borrow” da “lend”, waɗanda Bahaushe ke haɗawa a aro. Babu jerin ma'anoni da zai koya maka waɗannan, sai ka gan su sau da yawa a inda suke zaune. Da tambayoyin canki-canka suka zama ruwan dare, haddar ta samu gindin zama, don ana iya cin maki a kan kalma mafi kusa a ma'ana ba tare da an taɓa rubuta jimla da ita ba. Daga nan kasuwar takardun gurzawa da tambayoyin shekarun baya ta buɗe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a daidai wannan lokaci ake tabbatar da maganin a wata duniyar. A 1980 wasu masana biyu, Elley da Mangubhai, suka zuba littattafan labari wajen 250 a azuzuwan wasu makarantun karkara a tsibirin Fiji, inda Turanci ba harshen gida ba ne. Cikin wata takwas yaran suka yi wa takwarorinsu fintinkau a fahimtar karatu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa sai mutum ya san wajen kashi 98 cikin ɗari na kalmomin shafi kafin ya karanta shi ba tare da taimako ba, kuma hakan na bukatar dubban kalmomi, abin da ba a tara shi ta hanyar kwafar goma-goma daga allo.

Kada a ce yaranmu ne ba sa son karatu. A tsakiyar shekarun 1980 ɗin nan ne littattafan Hausa na kasuwar Kano suka ɓarke, ana buga su da araha, ana ba da hayarsu, 'yan mata da samari na cinye su dare ɗaya. Ƙishin karatun yana nan, na Turancin ne ya yi tsada.

Yaran da suka taso cikin wannan fari na littattafai su ne malaman shekarun 2000, ɗalibansu kuma su ne ke riƙe da alli yau. Da yawansu ba su taɓa karanta littafin labari na Turanci daga farko zuwa ƙarshe ba, don ba a taɓa miƙa musu ba. Waya ta shigo da ƙamus cikin aljihun kowa, matasa na tsintar kalmomi a fina-finai da Facebook, wannan kuwa alheri ne, sai dai guntayen saƙonni ba sa kai mutum ga kalmomin littafin kimiyya ko na shari'a. Shi ya sa duk lokacin da na ji ana jayayya kan wane harshe za a fara da shi, nake so a ƙara tambaya ɗaya a kan tebur: a ajin firamare huɗu na makarantar gwamnati da ke unguwarku, littattafan labari nawa ne yaro zai iya ɗauka ya tafi da su gida?