Dokar hana cin tallafin gwamnati a Birtaniya: abin da ta hana ɗan Senegal, abin da ta bar wa ɗan Barmuda

Akwai wata magana da ke yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan Afirka ta Yamma mazauna Birtaniya, kuma ta fara ɓarna. Wai duk wanda bizarsa ke ɗauke da sharaɗin hana cin tallafin gwamnati, wanda ake taƙaita sunansa da NRPF, idan ya kai ɗansa asibiti ko ya bar yaro ya ci abincin makaranta na kyauta, to ya karya doka, kuma ranar sabunta biza za a ce ya tattara nasa ya nasa. Saboda wannan tsoron ake samun uwa ta kwana da yaro mai zazzaɓi a ɗaki, ake samun mai ciki ta ƙi zuwa awo. Dokar tana da tsauri, wannan gaskiya ne, amma ba ta kai inda jita-jita ta kai ta ba.

Hanya mafi sauƙi ta ganin iyakar dokar ita ce a ajiye mutum biyu gefe da gefe: ɗan tsibirin Barmuda da ɗan Senegal, dukansu baƙaƙen fata, dukansu sun sauka Landan neman abin kansu.

Barmuda ɗan ƙaramin tsibiri ne a tekun Atlantika, mutanensa kusan dubu 64 ne, kuma da yawansu jikokin bayin da aka 'yanta ne a 1834. Har gobe yana ƙarƙashin Birtaniya, domin a 1995 an yi ƙuri'ar raba gardama kan 'yancin kai, jama'a suka ce a'a. Dokar yankunan Birtaniya na ƙetare ta 2002 ta mayar da 'yan asalin irin waɗannan yankuna cikakkun 'yan Birtaniya tun daga ranar 21 ga Mayu na shekarar. Don haka ɗan Barmuda ba ya neman biza, ba ya neman izinin aiki, ba wanda zai ƙirga masa kwanaki. Tun 2007 ɗansa ke biyan kuɗin jami'a daidai da ɗan gida a Ingila, alhali ɗalibin waje kan biya ninki biyu ko fiye. Kuma ya fito ne daga inda dalarsu ke daidai da dalar Amurka, inda kamfanonin inshora na duniya suka yi sansani. Mafi ƙarancin albashin da suka fara aiki da shi a 2023 dala 16.40 ne a awa ɗaya. A wannan shekarar mafi ƙarancin albashi a Senegal kusan saifa dubu 64 ne a wata. Wato aikin yini ɗaya na lebura a Hamilton, babban birnin Barmuda, ya fi albashin wata guda na takwaransa a Dakar.

Ɗan Senegal kuwa baƙo ne a idon doka, kamar ɗan Najeriya da ɗan Nijar da ɗan Ghana. Sashe na 115 na dokar shige da fice da neman mafaka ta 1999 shi ne ya cire irinsa daga tallafin gwamnati. Sharaɗin na kan ɗalibai, da masu bizar aiki, da matan aure ko mazajen da ke kan bizar iyali, da masu ziyara, da waɗanda bizarsu ta ƙare. Masu neman mafaka tsarinsu daban ne. Tun da katunan izinin zama suka daina aiki a ƙarshen 2024, mutum zai ga sharaɗin ne a shafinsa na biza a intanet.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar cewa duk abin da ya fito daga aljihun gwamnati haramun ne. Ƙa'idojin shige da fice sun kawo jerin sunaye, kuma abin da ba ya cikin jerin ba ya cikin hanin. A ciki akwai Universal Credit, wato tallafin wata-wata ga marasa aiki da masu ƙaramin albashi, da kuɗin tallafin yara, da tallafin kuɗin haya, da tallafin naƙasassu da na masu jinyarsu, da tallafin tsofaffi masu ƙaramin ƙarfi, da gidan ƙaramar hukuma, da taimakon da ake ba wanda ya rasa matsuguni a ƙarƙashin dokar gidaje.

Asibitin NHS, wato asibitin gwamnati, ba ya cikin jerin. Makarantar gwamnati ta yara ba ta ciki. Batun asibitin ma abin takaici ne a ce mutum yana tsoronsa, domin ya riga ya biya kuɗinsa tun kafin ya hau jirgi. Harajin lafiya da ake karɓa tare da kuɗin biza ya fara ne da fam 200 a shekara a 2015, ya koma 400, ya koma 624, sannan a watan Fabrairun 2024 ya kai fam 1,035 ga babban mutum, fam 776 ga ɗalibi da yaro. Magidanci mai mata da 'ya'ya biyu da ya karɓi bizar shekara uku ya zuba sama da fam dubu goma a wannan kaɗai. Ma'aikatan lafiya da masu kula da tsofaffi da ke kan bizarsu ta musamman ne aka ɗauke wa. Wanda ya biya wannan kuɗi sannan ya ƙi zuwa asibiti don tsoro, hakkinsa ya bari.

Inda ake samun matsala ta gaske shi ne wajen mai ziyara da wanda bizarsa ta ƙare. Su ma ganin likitan unguwa kyauta ne a Ingila, sashen gaggawa kyauta ne, kuma ba a hana mai ciki kulawa don ba ta da kuɗi a hannu. Amma idan aka ba su gado ko aka karɓi haihuwa za a turo takardar biya, kuma farashin ya ɗara na ainihi da rabi. Bashin da ya kai fam 500 aka ƙi biya yana iya sa a ƙi ba mutum biza nan gaba. Ina ganin daga nan jita-jitar ta samo tushe: wani ya ci karo da bashin asibiti, labari ya bi baki har ya zama wai zuwa asibitin ne laifin.

Haka nan duk abin da mutum ya samu ta gumin aikinsa nasa ne. Wanda ake cire wa kuɗin inshorar ƙasa a albashi yana da hakkin kuɗin hutun rashin lafiya, da kuɗin hutun haihuwa, da alawus ɗin neman aiki irin wanda aka gina a kan abin da ya zuba, da fansho idan shekarunsa sun cika. Abincin makaranta na kyauta ma, tun watan Afrilun 2022 Ingila ta buɗe shi na dindindin ga 'ya'yan iyalan da ke da wannan sharaɗi, idan abin da ke shigo musu bai wuce wani adadi ba.

Yanzu ga wurin da ya fi rikita mutane, har da wasu ma'aikatan ofis: gidan da aka haɗa aure. A ce 'yar Barmuda ta auri ɗan Senegal. Kafin ma ta kawo shi, sai ta nuna tana samun fam 29,000 a shekara, adadin da aka ɗaga daga 18,600 a watan Afrilun 2024. Ya iso, yana kan bizar iyali da sharaɗin a kansa. Sai aiki ya kufce mata. Jama'a sukan ce ai shi ke nan, tunda mijinta na da sharaɗi ita ma ta haramta. Ba haka ba ne. Ita 'yar ƙasa ce, hakkinta na nan. Za ta iya neman Universal Credit, a biya ta a matsayin mutum ɗaya, amma a lissafa albashin mijin da ajiyarsa wajen yanke abin da za a ba ta. Wannan ɓangaren ban ga adalci a cikinsa ba: kuɗinsa na rage mata rabo, nauyin ciyar da shi kuwa ba ya ƙara mata ko sisi.

Ma'aunin dokar shi ne ƙari. Muddin ba a ƙara mata komai saboda kasancewarsa a gidan ba, to shi bai ci tallafi ba. Idan aka ƙara, ƙarin ne zai hau kansa. Shi ya sa ake taka-tsantsan da rangwamen harajin gida na masu ƙaramin ƙarfi, wanda yana cikin jerin, kuma lissafinsa kan haɗa da mutanen da ke gidan. Kada a haɗa shi da ragin kashi 25 cikin ɗari da ake yi wa wanda ke zaune shi kaɗai, wannan ba ya cikin hanin. Idan kuma ƙaramar hukuma ta ba su gida, da sunanta kaɗai za a rubuta haya.

Kuɗin tallafin yara ma haka yake, ana duba wanda ya nema ne. Ɗan da suka haifa a Landan ɗan Birtaniya ne ta wajen uwa, kuma ita za ta nema da sunanta. Idan uban ya cike takardar da nasa sunan, ya taka sharaɗi, ko da yaron na riƙe da fasfon Birtaniya. Nan ma akwai wani kuskuren da ya daɗe: haihuwa a ƙasar ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa tun 1 ga Janairun 1983. Ɗan da iyaye biyu 'yan Senegal masu bizar aiki suka haifa a Manchester ba ɗan Birtaniya ba ne, sai ɗayansu ya samu zaman dindindin, ko yaron ya cika shekara 10 a ƙasar a yi masa rajista.

To mene ne hukuncin wanda ya ci abin da ke cikin jerin? Sashe na 24 na dokar shige da fice ta 1971 ya mayar da saɓa sharaɗin biza da gangan laifi, wanda ake iya cin tara ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Amma abin da ya fi zama barazana ga mutum ba gidan yari ba ne. Ma'aikatar cikin gida na iya soke bizar da ke hannunsa, tana iya ƙin sabunta ta, tana iya ƙin ba shi zaman dindindin, ga kuma kuɗin da za a ce ya mayar. Abin lura shi ne ofishin da ke biyan tallafi daban, ofishin da ke duba biza daban. Don wani ma'aikaci ya amince ya biya ka, wannan bai wanke ka a wajen ɗayan ba. Wanda ya gane an biya shi bisa kuskure, ya sanar a rubuce a dakatar, ya ajiye kowace wasiƙa.

Su ma masu cewa ɗan Barmuda da ya sauka filin jirgi sai ya wuce ya karɓi kuɗi da makullin gida, sun yi ƙari. Ko ɗan ƙasa ne ya dawo daga waje sai an gwada ko ya zauna da gaske, abin da kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku. Mai ajiyar da ta wuce fam 16,000 ba ya samun Universal Credit. Layin gidan ƙaramar hukuma a Landan shekaru ake yi a kansa. Kuma ba duk ɗan Barmuda ne mai hali ba, da yawa tsadar haya da kuɗin asibiti na tsibirin ne suka koro su. Bambancin dai shi ne idan ya faɗi akwai abin da zai tare shi. Ɗan Senegal da ke biyan haraji iri ɗaya a albashi iri ɗaya, idan ya faɗi sai dai 'yan uwa. Shi ya sa ƙungiyoyin ɗarika da ake kira dahira, na Muridai da na Tijjanawa, ke da ƙarfi a duk inda 'yan Senegal suka taru, daga Paris zuwa Milan zuwa Harlem: su ne ke haɗa kuɗin jinya, su ne ke mayar da gawa gida. Kuma daga wannan albashin ne ake tura wa gida, kuɗin da ke kai kusan kashi goma cikin ɗari na tattalin arziƙin Senegal. Ɗan Barmuda galibi ba shi da wannan nauyin a wuyansa. Wanda ya kalli gidajen biyu bayan shekara goma ya ce bambancin himma ne, bai karanta takardunsu ba.

Gwamnati na da hujjarta: wanda ya zo bisa alƙawarin zai riƙe kansa, ya riƙe. Hujja ce da ake iya saurara ga mai ziyarar wata shida. Ga wanda aka ɗora a kan hanyar shekara 10 kafin zaman dindindin, yana aiki, yana biyan haraji, yana sake biyan kuɗin biza duk shekara biyu da rabi, ban ga yadda za a ci gaba da kiransa baƙo ba. Ga shi kuma a watan Mayun 2025 gwamnati ta fito da shawarar mayar da shekara 10 ta zama jiran yawancin mutane maimakon biyar.

Duk da haka akwai ƙofofi biyu da tsoro ke hana mutane ƙwanƙwasawa. Ta farko, wanda ke kan bizar iyali ko ta daɗewar zama a ƙasa zai iya neman a cire masa sharaɗin, kuma neman kyauta ne. A watan Mayun 2020 wata babbar kotu ta yanke hukunci a ƙarar wani yaro ɗan shekara takwas, ɗan Birtaniya, wanda uwarsa ke da sharaɗin, cewa ba sai mutum ya kwana a titi za a saurare shi ba, ya isa ya nuna yana gab da rasa abinci da makwanci. Ga ɗalibi da mai bizar aiki kuwa ƙofar ƙunci gare ta, kuma neman na iya taɓa bizar kanta, don haka kada a shige ta ba tare da shawara ba.

Ta biyu ita ce sashe na 17 na dokar yara ta 1989, wanda ya ɗora wa ƙaramar hukuma a Ingila nauyin taimaka wa yaron da ke cikin buƙata, da matsuguni da kuɗin abinci, ko mene ne matsayin iyayensa. Wannan taimako ba ya cikin jerin abin da aka hana. Iyaye na tsoron za a ƙwace musu yara, alhali sashen kansa ya ce a taimaki yaro ya tashi a hannun iyalinsa, kuma talauci shi kaɗai ba hujjar raba uwa da ɗa ba ne. Sai dai ƙaramar hukuma za ta tuntuɓi ma'aikatar cikin gida don tabbatar da matsayin mutum, saboda haka wanda bizarsa ta ƙare ya fara ganin lauya ko mai ba da shawara kan shige da fice da ke da rajista. Ba da irin wannan shawara ba tare da rajista ba laifi ne a Birtaniya, kuma kowa na da ikon tambayar lambar rajistar wanda zai biya kafin ya miƙa masa fasfo.