Tsirrai da itatuwan da suka dace da zomon gida

Zomon gida, wanda masana ke kira Oryctolagus cuniculus, asalinsa daga yankin Sifaniya da Fotugal ne, kuma jinsinsa daban yake da na zomon dajinmu, wanda ake cewa kowa ya ci shi ya ci gudu. A Kaduna ana kiwonsa a bayan gida, galibi a kejin katako da ragar waya, tun daga unguwannin cikin gari irin su Kawo da Tudun Wada har zuwa Zariya da Kafanchan. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, tana cikin wuraren da ake nazari a kansa. Abin da ya kamata mai kiwo ya riƙe tun farko shi ne duk abin da haƙorin zomo ya kai gare shi abinci ne a wurinsa, ko ganye ne, ko ƙofar keji.

Yadda jikinsa yake aiki

Babban zomo yana da haƙora 28, kuma dukansu ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaba sukan ƙaru da kamar milimita 2 a mako. Tauna ciyawa mai kauri ita ce ke goge su. Zomon da aka riƙe da dusa da abincin buhu kaɗai sai haƙoransa su yi tsawo su karkace, ya soma zubar da miyau, ya kasa ci alhali abinci na gabansa.

Cikinsa ma da nasa tsarin. Tsakanin ƙaramin hanji da babba akwai wata babbar jaka inda ƙananan halittu ke narkar da ciyawa. Daga nan yake fitar da wani kashi mai laushi, a dunƙule, ya sake cinyewa, yawanci da dare ko da asuba. Wannan ba cuta ba ce, hanyarsa ce ta samun sauran amfanin abincin. Sannan zomo ba ya iya yin amai. Abin da ya haɗiya ya tafi ke nan. Saboda haka ma'aunin da wasu ke amfani da shi, wai duk abin da akuya ta ci zomo ma zai ci, kuskure ne mai tsada. Akuya ta fi shi girma nesa ba kusa ba, tumbinta kashi huɗu ne, kuma tana yawo ta zaɓi abin da take so. Zomon keji kuwa abin da aka zuba masa shi zai ci.

Abin da za a ba shi

Ginshiƙin abincinsa ciyawa ce, ɗanya ko busasshiya. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, gamba da kyasuwa da ciyawar giwa suna wadata, an fi so a yanke su tun suna da taushi. Akwai kuma wata ciyawa mai yaɗo da ke fitowa a kangaye da gefen gonaki, mai ƙaramin fure fari da rawaya a tsakiya, wadda masana ke kira Tridax. Masu kiwon zomo a faɗin Nijeriya sun daɗe da saninta, zomo kuma ba ya barin ko kara ɗaya.

A cikin lambu, ganyen dankalin Hausa yana sahun gaba, domin yana yaɗo da sauri, ana yanka yana sake tohowa. Sai zogale, mai gina jiki, wanda kusan kowane gida zai iya shukawa a jikin katanga. Ana ba da ganyen karas, ganyen gwanda, ganyen ayaba, da ganyen malaina. Alayyahu da kabeji da latas, irin waɗanda ake nomawa a fadamun bakin Kogin Kaduna, kaɗan-kaɗan ake ba da su a gauraye da ciyawa: alayyahu na ɗauke da sinadarin oksalet, mai cutarwa idan ya taru a jiki, kabeji kuma yakan kumbura ciki idan ya yi yawa. Shi kansa karas, duk da sunan da ya yi a matsayin abincin zomo, zaƙinsa ya yi yawa. Ɗan yanki ya isa.

Rani shi ne lokacin gwaji. Daga hunturu zuwa bazara, harawar wake da ta gyaɗa su ke riƙe keji, kuma mai dabara tun da kaka yake saye ya ɗaure a kan rumfa kafin ta yi tsada. A nan akwai abin lura sosai. Harawar da ruwa ya taɓa ta yi fumfuna ba ta da amfani, domin zomo yana cikin dabbobin da gubar fumfuna, wato afulatoksin, ta fi saurin illatawa. A warware damin a shinshina: harawa mai kyau tana da ƙamshi, ganyenta da sauran kore, wadda ta lalace takan yi baƙi-baƙi, ta tashi da ƙura mai wari. Batun wai zomo ba ya shan ruwa kuma ba gaskiya ba ne. Mai cin busasshiyar harawa a zafin Maris da Afrilu, musamman uwa mai shayarwa, tana bukatar ruwa mai tsabta a kowane lokaci.

Ɗanyen ganye ba a zuba shi da raɓa ko ruwan sama a jikinsa. A shanya shi a inuwa ya ɗan yi yaushi tukuna. Sabon ganye kuma a hankali ake shigar da shi, cikin mako ɗaya zuwa biyu, ana duba kashin. Da an ga zawo a janye. 'Ya'yan da aka yaye kwanan nan su suka fi saurin mutuwa a irin wannan canji.

Tsirrai masu haɗari

Wasu gubarsu sananniya ce: tumfafiya, zaƙami, zurma, bini-da-zugu, da dangin tinya da aguwa masu farin ƙaro. Tunda da bini-da-zugu da aguwa ake yin shinge, zomon da ake saki a tsakar gida zai iya kai musu. Albasa da tafarnuwa suna lalata jini. Ganyen tumatir da na dankalin Turawa, da ganyen piya da 'ya'yanta, da ɗanyen ganyen gwaza, duk a nisanta su, haka ma furannin ado da ba a san asalinsu ba.

Mafi ruɗarwa su ne masu kama da abinci. Duman rafi ɗan'uwan dankalin Hausa ne, yaɗonsu iri ɗaya, yana nan kore shar a bakin rafi lokacin da komai ya bushe, amma yana sa dabba makyarkyata da tangaɗi. Yaron da aka aika yankan ciyawa zai iya kawo shi da zuciya ɗaya, don haka a nuna masa biyun a hannu. Ɗanyen ganyen rogo da gyauron dawa suna ɗauke da abin da ke komawa gubar sayanaid. Shanya tana rage ta ƙwarai, amma mai sabon kiwo gara ya bar su. Ciyawa mai kyau ma takan zama guba idan an yi mata feshi, shi ya sa ba a yanka a gefen gonar da ba a san halinta ba, ko a bakin titi da kwata.

Itacen gaigaya da katakon keji

Littattafan Turai sukan ambaci rassan tuffa da wasu itatuwan ƙasashen sanyi, waɗanda ba su samuwa a nan. Abin da ke kusa ya wadatar: busasshiyar gora, reshen zogale, reshen malaina, busasshen karan dawa ko na masara wanda bai yi fumfuna ba. A yanko daga bishiyar da ba a fesa ba, a wanke, a shanya.

Katakon keji ne aka fi sakaci da shi. Saboda gara, al'ada ce a shafe katako da baƙin mai ko maganin ƙwari, zomo kuwa zai gaigayi duk gefen da ya samu. Wanda zai ba kafinta aiki, a kasuwar Panteka ta Kaduna ne ko a unguwa, ya faɗa masa ƙarara cewa duk katakon da ke ciki a bar shi tsurarsa, ba fenti, ba banish, ba mai. Maganin gara a tsaya da shi a ƙafafun keji, ko a tsoma ƙafafun cikin gwangwani. Tsohon katako mai fenti yana iya ɗauke da dalma. Filawud da allunan da aka matse da gam ba su dace da wurin da baki ke kaiwa ba. In dole ne, a rufe gefunansu da langa-langa ko a buga raga ta ciki. Katakon dakon kaya da ke zuwa daga ƙasashen waje yana da hatimi: HT na nufin da zafi aka gasa shi, MB kuma da hayaƙin guba aka turara shi, wannan a guje shi.

Wajen shimfiɗa, garin katako mai laushi yana shiga hanci da ido, kuma na wurin kafinta gauraye yake da na itatuwan da ba a san irinsu ba. Busasshiyar ciyawa ta fi, musamman a akwatin haihuwa, inda uwa za ta haɗa ta da gashin da ta tuge daga jikinta idan cikin ya kusa cika kwana 31. A kan ragar ƙasa kuma a ajiye ɗan faifan katako tsura, inda zomo zai huta don kada waya ta ci masa tafin ƙafa. Idan ya jiƙe da fitsari a sauya shi da wani.