Mai Wurno (Sudan)

Mai Wurno ƙaramin gari ne a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, a gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, kimanin kilomita 15 kudu da birnin Sinnar. Mafi yawan mutanensa jikokin Fulani da Hausawa ne da suka taso daga ƙasar Sakkwato, waɗanda Larabawan Sudan ke kira Fallata. Ana jin Fillanci da Hausa a cikin gida, Larabci kuwa shi ne harshen makaranta da ofis.

Tarihi

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi hijira gabas da niyyar zuwa Makka. Jama'a suka yi ta binsa, malamai da sarakuna da talakawa, wasu ma sun bar gonakinsu a bakin damina. Turawa suka cim masa a Burmi, cikin jihar Gombe ta yanzu, inda aka kashe shi ranar 27 ga Yuli, 1903, tare da ɗaruruwan mutanensa.

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, shi ya ja ragowar ayarin. Tafiyar ƙasa ce ta shekaru, a yada zango a yi noma, a sami guzuri a ƙara gaba. An ce sun iso bakin Nilu wajajen 1906, suka fara sauka a ƙauyen Shehu Ɗalha, daga baya suka ƙetare kogi suka kafa nasu garin. Laƙabin kansa daga Wurno ta Sakkwato ya samo asali, garin ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Abin mamaki, Turawan da aka gudo dominsu su aka tarar suna mulkin Sudan, kuma su suka amince da sarautar Mai Wurno a kan jama'arsa. Suna da dalili, domin an gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira, yankin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, na neman hannu. Garin ya zama zangon alhazai masu tafiyar ƙasa, da yawa kuma daga zango suka zarce da zama. Mai Wurno ya rasu a shekarun 1940, sarautar tana gidansa.

Batun ba Fallata takardar zama ɗan ƙasa ya jawo taƙaddama bayan samun 'yancin kai a 1956. Yaƙin basasar Sudan da ya ɓarke a 2023 ya kai jihar Sinnar a 2024.

Yanayi

Zafi ne da shi ƙwarai. A Afrilu da Mayu rana kan wuce digiri 40, guguwar ƙura da ake kira habub takan riga ruwan fari zuwa. Damina, wadda suke ce wa harif, tana kamawa daga Yuni zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta. Disamba da Janairu ne sanyi, shi ma sai da dare.

Ƙasar wurin baƙin laka ce. Da rani takan dare har ƙafar yaro ta faɗa cikin tsagar, da damina kuwa ta riƙe tayar mota kamar danƙo.

Sana'a

Noman dawa da riɗi, lambu a bakin kogi, da su.